Daminar da Muka Yi wa Lauya Ban-ruwa

Bana ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masara ta fara goyo. Ina zaune a ƙofar ɗakina a nan Unguwar Sanusi, ina kallon 'yar masarar da 'yata Binta ta shuka a bayan gida, ganyenta duk ya nannaɗe saboda rana. A falo kuma talabijin na ta surutu, wasu 'yan takarar Sanata biyu ne ke muhawara. Binta ta leƙo ta ce, "Baba, kai da ka zagaya duniya, a ganinka wa ya kayar da wani?" Masarar nan da muryoyin nan sun riga sun mayar da ni daminar 1983.

Ni direba ne. Tun ina saurayi nake bin motocin goro. Na yi Kumasi, na yi Abijan, na yi lodi a Anaca da Shagamu, na kai kaya har Fallomi ta ƙasar Cadi. A hanya na tsinci Yarbanci da Ibo da Faransancin tasha da Turancin Buroka, wanda ake yi a kasuwa da bariki. Da na gaji da kwanan hanya sai na yi aure, na kama aiki a wata masaƙa a Kakuri, ina jan motar da ke kai bandir ga dillalai. A lokacin jiniyar masaƙu ita ce agogon duk wanda ke kudancin kogin Kaduna. Da ita mata ke ɗora tukunya, da ita yara ke fita makaranta.

A shekarar nan gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Auduga ta yi ƙaranci, injin da ya lalace ba a samun kayan gyaransa, sai masaƙa ta fara tura mutane hutun dole, hutun da ba a faɗa maka ranar dawowa. Ina cikin waɗanda aka fara turawa. Shinkafa ta ɓace daga kasuwa, madara da sukari suka bi ta. Matata Asabe, uwar Binta, ta koma wanki da sabulun salo. Da farko tuwon dare kan kwana a yi ɗumame da safe. Daga baya tuwon ya daina kwana, sai koko tsararo babu sukari. Na ga yunwa a ƙasashe da dama, amma ta ƙauye ce, wadda ake ganinta tafe tun daga gona. Ta birni daban take. Mutum ya sa riga mai guga ya fita, ya gaisa da kowa, cikinsa babu komai.

Mu uku muka haɗa kai. Akwai Gyang, mutumin Filato, wanda aka sallama daga sashen saƙa, dogo mai ƙarancin magana. Akwai Oga Obi, bakanike Ibo a Kakuri, wanda garejinsa ya cika da motocin da ke jiran kayan gyara, masu su sun daina zuwa. Gyang ne ya san wani dattijo Bagwari a Kakau, kan hanyar Abuja, ana ce masa Baba Shekwolo, domin a wurinsa yakan sari doya. Muka sayi goro da gishiri da taba, muka hau tsohuwar akori-kurar Obi muka je neman aron gona.

Baba Shekwolo ya kai mu wani fili mai jar ƙasa da ya gangara zuwa rafi, da wata ɗorawa a tsakiyarsa. Ya ce tun kakansa suke noma shi, yanzu ƙarfi ya ƙare, 'ya'yansa kuma sun tafi aikin gini a Abuja. Ya ce, "Ku noma ku ci. Da kaka ku kawo mini dami ɗaya. Ba don ina jin yunwa ba, don kowa ya san ƙasar tana da mai ita. Abu guda kawai, kada ku dasa itace. Hatsi baƙo ne, shekara ɗaya ya tafi. Itace kuwa in ya kafa saiwa, bayan na mutu shi zai ce wa jikokina gonar ba tasu ba ce." Duk muka amsa. Ba sabon abu ya faɗa ba. A garinmu haka ake yi, a garin su Gyang ma haka, Obi ya ce a nasu ma wanda ya dasa kwakwa a gonar aro ya nemi faɗa.

Muka yi shara a tsakiyar bazara, da zafin da ke sa ƙotar fartanya ta ƙona hannu. Da ruwa ya sauka muka ja kunyoyi irin na Gwarawa, manya masu tsayi, muka shuka masara da dawa a tsakaninta. Masarar za ta fitar da mu daga damina, dawar kuma ita za ta kai mu baɗi. Obi bai taɓa riƙe fartanya ba tun barinsa gida. Gyang ya dube shi yana sara ya ce, "Oga Obi, wannan ba sifana ba ce, ba a murɗa ta." Obi ya ce, "Bari motar nan ta mutu a hanya, sai ka tayar da ita da fartanyarka."

Azumi ya kama daidai noman fari. Ni kaɗai ne mai azumi a cikinmu. Kafin azahar harshena kan zama kamar ɓawon itace, ƙasa na tururi, idona na ganin dishi-dishi. Su biyun sukan zagaya bayan ɗorawa su sha ruwa don kada in gani. Obi ya dawo yana goge baki ya ce, "Malam Haruna, kai da Allah kuka yi kwantiragi, mu ba mu sa hannu ba." Amma da rana ta karkata sai su ce in je inuwa, su raba sauran kunyata su ƙarasa. Matar Baba Shekwolo takan zo da ƙwaryar kunu da dafaffiyar gyaɗa, ta ɗauko a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, kuma kullum sai ta ƙulle nawa daban a ganye in tafi da shi buɗa baki. A gida Asabe na jirana da kunun tsamiya da kwaɗon rama. Da ramar ta yi tsada ta koma tafasa, wadda ke fitowa kyauta a gefen layin dogo.

Bayan Sallah guguwar zaɓe ta taso. Aka ce 'yan takarar Sanata biyu za su yi muhawara a wani gidan silima a Kakuri, a gaban ma'aikata. Ba zan kama sunansu ba, 'ya'yansu na nan da rai. Mu dai muna kiran ɗaya Mai Rawani, ɗayan kuma Lauya. Mai Rawani ɗan gidan sarauta ne kuma ɗan kwangila, na jam'iyyar masu cewa a bar komai yadda aka gada. Lauya kuwa matashi ne, na ɓangaren masu cewa lokacin talaka ya yi. Da yake Mai Rawani ba ya Buroka, kuma rabin zauren Ibo ne da Tibi da mutanen Filato, masu shirya taron suka nemi in yi masa tafinta.

Saboda haka na shiga ta ƙofar baya, na same su biyun a wani ɗan ɗaki kafin a fara. Mai Rawani ya ɓara goro ya miƙa wa Lauya ɓari. Lauya ya rusuna ya karɓa ya ce, "Kawu, ya jikin Hajiya?" Abin ya burge ni. Na ce a raina, ga siyasar masu tarbiyya. A Abijan da na zauna jam'iyya ɗaya ce, ba a muhawara, sai dai a yi tafi. A Kumasi kuma na ga inda abokan hamayya ba sa ko haɗa hanya.

Bayan la'asar ne, hadari ya haɗu ya ƙi zubarwa, zauren ya yi zafi kamar tanda, ga warin zufa da taba. Mai Rawani ya fara. A hankali yake magana, kamar mai karanta wasiyya. Ya ce farashin mai ne ya faɗi a duniya, ba laifin kowa ba ne. Ya ce a yi haƙuri, a girmama na gaba, kowa ya san matsayinsa. Ina juyawa da Buroka, ina jin maganar na mutuwa a bakina. Wani daga baya ya ce, "Tafinta, tambaye shi haƙuri mudu nawa ake sa wa tukunya." Aka kwashe da dariya. Ban juya masa wannan ba.

Lauya ya tashi ya cire hula ya ajiye a tebur. Rigar jikinsa yadin masaƙarmu ce, Gyang ya gane saƙar tun daga nesa. Bai nemi tafinta ba. Ya fara da Hausa, ya juya Turanci, ya faɗa Buroka, ya gaida Ibo da yarensu. Ya san kuɗin hayar ɗaki a Kakuri, ya san yadda mace ke tsayawa layin sabulu tun safe ta dawo hannu wofi. Ya juya ya dubi Mai Rawani ya ce, "Kawu ya ce kowa ya san matsayinsa. To mun sani. Namu a layi yake, nasa a cikin mota."

Da aka ba jama'a dama, Gyang da ba ya magana a taro ya ɗaga hannu. Ya ce an kore su daga aiki sun koma noma a gonar aro, me Sanata zai yi wa irinsu?

Mai Rawani ya ce, "Gonar aro sunanta gonar aro. Ku riƙe mutunci da mai ita, ku roƙi Allah ya ba ku taku." Aka yi masa ihu.

Lauya ya ce, "Doka ta riga ta canja tun zamanin soja, an ɓoye muku ne. Ƙasa ta wanda ya yi mata gumi ce. Ɗan'uwana, ina gonar taku take?"

"Kakau, bakin hanyar Abuja."

"Bakin hanya?" Ya juya ga wani mai malafa da ke zaune bayansa, wanda ake kira Sakatare. "Ka nemi mutanen nan bayan taro."

A hanyar gida muka auna muhawarar. Na ce da su Mai Rawani bai yi ƙarya ba, amma bai kawo komai ba, kuma ko sau ɗaya bai dubi fuskar wanda ya tambaye shi ba. Lauya kuwa ya amsa abin da aka tambaya, ya san ciwon, ya faɗi magani. Na ce na saurari 'yan siyasa da harsuna huɗu, ban taɓa jin kamarsa ba. Mu uku muka ba shi. Da na isa gida ina ba Asabe labari, tana tsince tafasa a faifai, ta ce, "Ya ce zai kawo shinkafa?"

"Ya fi shinkafa. Ƙasa ya ce."

"To, ƙasar za mu tuƙa?"

Ba a yi mako ba sai ga Sakatare a gona da farar akori-kura, bayanta cike da dashen mangwaro mai aure a cikin leda. Ya ce kyauta ce daga Lauya. Ya ce a gaban alƙali hatsi ba shaida ba ne, itace ne shaida, duk wanda ya dasa ya raya babu mai iya tayar da shi. Muka dubi juna. Gyang ya ce Baba Shekwolo ya hana. Sakatare ya yi dariya ya ce, "Tsakanin tsohon da ke ƙauye da wanda ya karanta doka, wa ya fi sanin doka?"

Muka koma gindin ɗorawa muka yi shawara. Ni na tuna abin da na gani da idona a ƙasar Kwaddibuwa, inda baƙi Mosawa da Hausawa suka dasa koko a daji, bayan shekaru gonakin suka zama nasu. Na ce watakila zamanin ne ya iso mu. Gyang ya daɗe yana tona ƙasa da ɗan yatsa. Obi ne ya yanke. Ya ce, "Ni na taɓa gina gida a garin nan. Da aka yi rikici na gudu, da na dawo bayan yaƙin basasa na tarar da wani a ciki yana shanya. Tun daga nan komai nawa na aro ne, ɗaki aro, gareji aro. Na gaji." Muka tashi muka sauke dashen daga mota.

Nan take Sakatare ya ɗauko wata igiya mai ƙulli-ƙulli. Shi ya auna, shi ya nuna inda za a haƙa kowane rami, layi-layi a cikin hatsinmu, tun daga bakin hanya har rafi. Mun yaba da yadda ya damu da aikin. Obi kaɗai ya kauce wa igiyar, ya dasa ɗaya can kusurwa kusa da titi, wai nan zai sa benci in ya tsufa. Gyang ya ce, "Ko a gona ma sai ka yi fakin a inda aka hana."

Baba Shekwolo ya zo washegari. Ya bi layin nan a hankali da sandarsa, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ce, "Wa ya ba ku?" Muka faɗa masa, muka fara bayanin doka. Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Na ɗauka yunwa ce ta kawo ku." Ya juya ya tafi. Daga ranar matarsa ba ta sake kawo kunu ba.

Sai ruwa ya ɗauke. A watan da ya kamata a ce ana kwana ana wuni ana ruwa, sai rana ta fito fara fat. Kullum da yamma gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙanshin ruwa, mu fito muna kallo, sai hadarin ya zarce wani wuri. A masallatai aka fita roƙon ruwa, a coci-coci ma haka. Masara ta nannaɗe, ƙasa ta tsage. Sakatare ya aiko cewa in dashen nan ya mutu shaidarmu ta mutu. Obi ya kawo durom daga gareji, muka tara jarkoki. Rafin ya janye, sai mun tona yashi mu jira ruwa ya tsatso, mu kwarfa da ƙwarya, mu hau gangaren nan da jarka a kai. Ranar Asabar matar Gyang da ta Obi kan zo su taya mu. Ruwan ba zai ishi masara da mangwaro ba, sai muka zaɓi mangwaro. Mukan wuce masarar da za ta ciyar da mu tana bushewa, mu tsiyaya ruwan a gindin wani ɗan tsiro da bai kai gwiwa ba. Wuyana ya yi kanta. Da rana garin rogo muke jiƙawa da ruwan rafin nan mai ɗanɗanon laka, babu sukari babu ƙuli.

Ranar zaɓe muka yi layi a rana muka jefa wa Lauya. Aka ce Mai Rawani ne ya ci. Lauya ya ce an yi maguɗi, zai je kotu. Mun ji masa ciwo kamar ɗan'uwa. Da 'yar masarar da ta tsira ta nuna, muka zaɓi manyan ciki muka cika buhu, tun kafin 'ya'yanmu su ɗanɗana, muka tsallaka gada muka kai masa gida don jaje. Ya fito da kansa ya ba mu hannu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Ya mangwaron? Sun kama?" Muka ce sun kama, har sun yi sabon ganye. Ya ce, "Madalla. Kun yi ƙoƙari."

Ruwan ya dawo kaɗan, ya kuma tafi da wuri. Masarar da muka samu, da aka raba uku, ba ta kai mu ko'ina ba. Duk ido ya koma kan dawa. Ita dai ta jure. Ta yi kai, kan ya fara nauyi, in ka matsa ƙwayar farin ruwa ya fito kamar madara. Saura 'yan makonni ta nuna. Asabe har ta share kusurwar ɗaki inda za a jera buhuna.

Wata safiya muka iso muka tarar da duwatsun siminti a kusurwoyin gona, ana kafa turaku ana jan waya mai ƙaya. A bakin hanya ga tarakta tana huci. Sakatare na tsaye da malafarsa. Ya ce gonar an saya, Lauya zai yi lambu. Na ce wane Lauya? Ya ce wanda na sani. Obi ya ce, "To itacen da muka dasa fa? Ba ka ce shaida ba ne?" Ya ce, "Wa ya sayo dashen? A motar wa aka kawo?"

Gyang ya roƙe shi a bar mu dawar ta nuna, ko da rabin za su ɗauka. Ya ce tarakta ta haya ce, kuma dole a kaftu kafin ƙasa ta bushe. Na matsa na duba ƙofar taraktar, da yake direba ba ya ganin mota bai karanta jikinta ba. Tambarin kamfanin Mai Rawani ne. Na ji Sakatare na ce wa direban, "Ka bi tsakanin layi. In ka taka mangwaro ɗaya, a bakin aikinka."

Aka bar mu mu yanki abin da za mu iya. Muna gaba da lauje, tarakta na bayanmu tana kwantar da kara. Ƙanshin ɗanyen karan dawa da aka murƙushe, gauraye da hayaƙin gas, har yau in na ji irinsa sai ranar nan ta dawo mini. Da aka gama, filin ya zama ja fes, babu abin da ke tsaye sai ɗorawa da layukan mangwaro, kore shar, a miƙe kamar yadda igiya ta auna.

Gyang ya ce sai mun kai wa Baba Shekwolo daminsa. Obi ya ce wane dami, mutumin da ya sayar da mu? Gyang ya ce alkawari ɗaya muka karya, ba za mu karya na biyu ba. Muka ɗaure ɗanyar dawar nan muka kai. Muka same shi zaune a gindin rumbu, ya rame. Ya dubi damin ya daɗe. Ya ce, "Farar motar da ta sauke muku itace da safe, ita ta tsaya a ƙofata da yamma. Mai malafar ya ce baƙi sun dasa itace a gonarka, doka za ta ba su, za ka tashi babu ƙasa babu komai. Gara ka karɓi ɗan abin da mai gidana zai ba ka. Na ce ƙarya ne, mutanen nan sun ci gyaɗata. Da safe na je na gani da idona."

Kaji na ta tsattsagar damin.

Ya ce, "Ku ɗauki abinku ku kai wa yara. Ba ni da ƙasar da zai yi wa shaida." Da za mu tafi matarsa ta biyo mu da doya a kafaɗa ta zuba a bayan mota, ba ta dubi kowa ba.

Mun koma gidan Lauya sau ɗaya. Mai gadi ya ce ya yi tafiya. Ta saman ƙofa na hango motar Mai Rawani a inuwa, direbanta na barci a ciki. Nan na tuna dillalan goro a Kumasi. Biyu za su tsaya gaban manomi suna ta ja-in-ja kan farashi har da zage-zage, manomi na murna ana faɗa a kansa. Da yamma ka gan su sun loda a mota ɗaya. Na yi shekaru ina jan wannan motar, amma da aka yi mini a garinmu, da harshena, ban gane ba.

Dawar muka shanya a kan kwano. Ta motse ta zama kamar tsaki. Tuwonta ba ya kama jiki, ga ɗaci-ɗaci, yara na ci suna ɓata fuska. Asabe ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Abu ɗaya ta yi, ba ta sake bari mangwaro mai aure ya shigo gidanta ba har Allah ya karɓi ranta. Kafin shekara ta ƙare soja suka karɓi mulki, kujerar da aka yi muhawara a kanta ta kuɓuce wa kowa. Mutane suka fito titi suna murna. Ni ban fita ba. Wayar da ke Kakau babu wanda ya taɓa ta. Gyang ya kwashe iyalinsa ya koma Filato. Obi ya ƙarasa rayuwarsa a Sabon Tasha, a gidan haya.

A bazarar da ta wuce aka kai ni asibiti Abuja. A dawowa na ce direba ya tsaya a Kakau. Wayar ta zama katanga, itatuwan sun zama daji guda, mata na sayar da 'ya'yansu a tire a bakin titi. Na nemi na kusurwa, wanda Obi ya dasa a karkace. Ya fi duka girma, wani reshensa ya tsallako katanga ya sunkuyo kan hanya. Na miƙa hannu na tsinki ɗaya. Mai gadi ya taso ya ce, "Baba, wannan na masu gona ne."

Na ce, "Na sani. Ni na ba shi ruwa."

Ya dube ni kamar wanda tsufa ya taɓa, ya koma bencinsa. A daidai inda Obi ya ce zai sa nasa yake zaune.

Binta ta sake leƙowa ta ce an gama, har sun rungumi juna, kuma ban faɗa mata wanda ya ci ba. Na ce ta kashe talabijin ɗin ta ɗauko bokiti. Masarar nan ba za ta jira sakamako ba.